Baturiyar Gonar Riɗi

Gado ya ɗaure akwatinsa da igiya, ya jingine shi a bakin bukka, sannan ya shaida wa matarsa Batulu, uwar 'yarsa Atika, cewa zai bi lorin yamma zuwa Gadarif, daga can Bur Sudan, daga can Landan.

"In na samu wadda nake nema, ki ɗauka aurenmu ya ƙare. Halas, shi ke nan."

Batulu tana tuƙa asida, tuwon dawar da take ciyar da leburori da shi. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tuƙi, hawaye na ɗiga a gefen tukunya.

Gado direban tarakta ne a wata gona kusa da Doka a ƙasar Sudan, irin gonakin nan da ido ba ya ganin ƙarshensu. Da can mutum ne mai hankali. Rediyon Mudi ne ya ɓata shi.

Mudi shi ne wakilin gonar, tsoho mai wayon tsiya. Ya san riɗi in ya nuna ba ya jiran kowa, fashewa yake ya zube, kuma a lokacin yanka kowace gona farautar leburori take yi. Wasu suna jan su da nama, wasu da shayi mai madara. Mudi da Landan yake jan nasa. Kullum kafin magariba sai ya fito da rediyo, a ji babban agogon birnin ya buga, a ji kiɗan samarin Ingila masu gashi har kafaɗa. Ba mai jin ko kalma ɗaya, amma ba mai tashi.

Da damina rediyon ya faɗo daga lori cikin taɓo. Leburori suka fara tattara komatsansu. Mudi ya shige ɗaki da shi, ya ce gyara yake yi, da ya fito kuwa sai ga Landan ta dawo. Sai dai ta dawo da sharuɗɗa. Ba ta kamawa sai an jingine rediyon da zanan da ya raba rumfa da madafa, kuma ba mai taɓa shi sai Mudi.

Shirin ma ya canza. Namijin da ke gabatarwa ya ɓace, Mudi ya ce ya rasu, aka yi jimami. Garayar Turawa ta ɓace, ya ce gwamnati ta hana. Agogon kuwa yau ya buga biyar, gobe tara, Gado ya yi wa jahilai bayani cewa lokacin Landan ba irin namu ba ne. Abin da ya rage ganga ce da muryar mace guda ɗaya mai waƙa da yaren da ba mai ji, wadda Mudi ya ce Baturiya ce.

Wannan murya ita ta kashe Gado. Siririya ce, tana fita ta hanci, tana rawa a ƙarshen baiti. Ya daina cin goro. Ya ɗaura ƙyalle a wuya yana noma da shi cikin rana. Ya fara shan shayi da ɗan yatsa a miƙe, domin an ce haka suke yi a akwatin talabijin na kulob ɗin Gadarif. Makon da mura ta zagaye gonar, Baturiyar ma ta yi ta tari a tsakiyar waƙa, Gado ya kasa cin abinci don tausayi. Batulu ma ta yi murar, amma ita cewa ya yi ta matsa can kada ta shafa masa.

Abin da ya fi ba shi haushi da ita shi ne, tun da aka gyara rediyon abincin yamma bai ƙara zuwa a kan lokaci ba. In bai makara ba, to ya kama. Ga ta kuma ba ta taɓa zuwa rumfa ta saurara ba, ko sau ɗaya. Mace ba son ci gaba!

Da yamma ta yi, lori ya tsaya yana ruri. Mudi ya riƙe hannun Gado.

"Ya zol, kai mutumin nan, ka ji tsoron Allah. Wa zai ja mini tarakta? Kuma yarinyar nan Batulu me ta yi maka?"

"Baba Mudi, ba abin da ta yi. Zuciyata ce tana Landan. Ka kunna mini na ji ta sau ɗaya kafin na tafi."

Mudi ya yi ajiyar zuciya, ya murɗa maɓalli, ya yi gyaran murya da ƙarfi kamar yadda ya saba. Agogo ya buga uku, da sauri. Ganga ba ta tashi ba yau. Muryar ce kaɗai, a shaƙe, tana karyewa, kamar ta mai kuka.

Gado ya zabura. "Ta san ina zuwa!" Ya ture Mudi, ya rungumi rediyon, ya ɗaga shi sama.

Ba nauyi ko kaɗan. Murfin baya ya faɗi, babu batir, babu waya, sai busasshen taɓo da bakin wani baƙin tiyo, irin na tarakta, wanda ya ratsa zana ya shige madafa. Waƙar ta tsaya.

Sai Baturiyar ta ja majina, ta yi magana daga cikin tiyon da Hausa garau: "Baban Atika, in tafiyar ce ka tafi, amma ka sakar mini tiyo, ka kusa kifar mini da miya."