Layi Tara a Kan Gishiri

"Kashe wannan abin," na ce wa 'yata Onalenna. Ta ƙi, ta riƙe na'urar GPS ɗinta mai nuna hanya a cinya.

Shekara arba'in ina tuƙi a filin gishirin Makgadikgadi. Na san inda ƙasa ke ɗaukar mota, na san inda take haɗiye ta. Yau a ce akwatin roba ne zai kai ni rugarmu in ɗauko matata Segomotso?

Na kai mu ba kuskure. "Kin gani? Kuɗinki kika zubar."

Amma ruga ba shanu, bukka ta rushe. Na kira Segomotso, shiru. Bayan bukkar akwai kabari, da sunanta a kan dutse.

"Yaushe?"

"Bara, Baba."

Onalenna ta nuna mini fuskar na'urar. Layi tara, wani kan wani, daga gida zuwa nan. "Zuwanmu tara ke nan a watan nan. Kowane zuwa kai ke tuƙi."

"To tunda na san hanya, me ya sa kika sayi na'urar?"

Ta kau da kai. "Hanyar ce kaɗai ba ka manta ba tukuna, Baba."