Maƙerin da Ya Rabar da Kayan Aikinsa

Ke da aka ba ki aikin duba marasa lafiya, ajiye wayar nan ki saurara, ni ba na maimaita magana.

An yi wata ma'aikaciya a ƙaramin asibitin wani ƙauye, 'yar maginiyar tukwane ce. Tun tana yarinya ta ga uwarta ba ta yarda da tukunya don kyan bayanta. Sai ta ƙwanƙwasa ta da yatsa ta kasa kunne, domin tsagar ciki ido ba ya ganinta, amo ne ke tona ta. To, akwai wani dattijo maƙeri a garin, matarsa da suka shekara arba'in tare ta rasu da kaka. Sau uku yana zuwa asibitin da ciwon kai da rashin barci. Sau uku ana ce masa yaya jiki, ya ce da sauƙi, a ƙulle masa ƙwayoyi a takarda ya tafi. Mutanenmu kuwa ko wuta ke cin cikinsu da sauƙi za su ce, kowa ya san haka, amma mai son layi ya ragu ba ya ƙara tambaya. A zuwa na huɗu ya faɗo hannun 'yar maginiya, ita ma ya ce mata da sauƙi. Ta dubi tafin hannunsa, fes, babu baƙin gawayi ko kaɗan. Ta tuna ta kwana biyu ba ta ji ƙarar maƙera ba in za ta wuce da safe. Da ta tambaya, sai ya ce ai ya rabar da kayan, zugazugi ga ƙanensa, masaba da awartaki ga maƙwabci, shi ba zai ƙara bukatarsu ba. Ta saki labule, ta ajiye biro, ta ce, "Baba, ka gafarce ni, zan yi maka tambaya mai nauyi. Kana tunanin kashe kanka?" Masu cewa irin wannan tambaya ita ke cusa wa mutum tunanin ba su san kome ba. Dattijo ya gyaɗa kai, hawaye suka jiƙa gemunsa. Wata biyu yana ɗauke da abin shi kaɗai, ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Ba ta yi masa wa'azin wuta ba, ya fi ta sanin hukuncin. Ba ta kuma bar shi ya fita shi kaɗai ba. Da yardarsa ta aika aka kira ƙanen, aka kwashe duk abin da zai iya cutar da shi daga ɗakinsa, ya koma kwana gidan ƙanen. Ta rubuta takarda, a ranar aka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a babban asibiti. Ta kafa masa doka, duk ranar kasuwa ya zo ta gan shi, ran da ya ƙi zuwa kuwa ta ɗauki mayafi ta bi shi har zaure. Sauƙi bai zo rana ɗaya ba, amma ya zo. Kafin ruwan fari ƙarar maƙera ta dawo tana hana unguwa barcin safe, manoma sun yi layi da fartanyoyinsu. Ana cikin haka matar ɗansa ta haifi mace, aka mayar da sunan marigayiya. Ranar suna aka miƙa masa jaririya, ya rungume ta yana cewa amaryarsa ta dawo, ba haƙori, ba ta iya tuƙa tuwo ba, amma shi ya ji ya gani. Mata suka ɗauki guɗa, suna tsokanarsa wai ango ya tsufa, a nema wa amarya saurayi. Ma'aikaciyar na cikin taron, ta ce masa yaya jiki. Ya yi dariya ya ce, "'Yata, da sauƙi, na yau kuma ba na kara ba ne." Duk da haka sai da ta saci kallon tafin hannunsa. Baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya.

Da an karɓi da sauƙinsa na huɗu an sallame shi, da yarinyar nan labarin kakanta kawai za ta ji. Ki riƙe ran mutum tukuna, sauran na Allah ne. Shi ya sa Hausawa suka ce, in da rai, da rabo.