Gilashin Ammu Haladu

Abdulmajid ya buɗe akwatin, ya rufe, ya sake buɗewa. Gilashin yana nan, amma ba da launin da aka ba shi ba.

Na surukinsa ne, Ammu Haladu, haifaffen Madina wanda kakansa ya zo daga Katsina a ƙafa. Yana saurayi ya yi aiki da masu ɗaukar hoton ƙasa daga jirgin sama don zana taswira. Da aikin ya ƙare suka bar masa idon kyamarar, wani gilashi mai nauyin turmin yaji, ƙirar zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. An ce maƙeran sun zuba masa wani ma'adini don hoto ya fito tar daga nesa, shi ne kuma yake rina shi idan ya tsufa. Shekara arba'in yana nan jajaja-jajaja kamar shayi.

Abdulmajid injiniyan awon ƙasa ne, shekara biyu yana roƙon aro. A ƙarshe dai tsohon ya miƙa masa a farkon bazarar 2003, ya ce, "Amana, ya waladi," wato ɗana. Washegari aka tura shi aiki garin Yanbu, sati shida. Ya bar akwatin a falon gidansa na unguwar Jurf a Madina.

Yau ya dawo, ga gilashi fari tas kamar ruwan Zamzam.

"Maimuna! Wa ya shigo gidan nan?"

"Ba kowa," in ji matarsa. "Daga ni sai Inna. Lafiya lau muka yi, ko ashana ban saya ba tun tafiyarka."

"Ana maganar gilashin Baba kina maganar ashana!"

Inna mahaifiyarsa ce, ta zo Umara daga Kano ta tsaya jiran Ramadan. Ba ta shiga sabgar kowa. Daga sallaya sai saman bene, sai kaskon turarenta da ya cika gidan da ƙamshi.

Ya zauna ya yi tagumi. Duk wanda ya gani zai ce an sayar da na ainihi an sako jabu. Kuma wa zai ce? Mutumin da ya ba shi 'ya, wanda ko ido ba ya iya haɗawa da shi. Ya yi tunanin jiƙa shi a shayi. Maimuna ta ce, "Ka ji tsoron Allah." Ya ce ai tunani kawai ya yi.

Bayan la'asar ya ɗauki akwatin ya tafi gidan surukinsa. Ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa, ya gaida tsohon sau uku don jan lokaci. Sannan ya tura akwatin gaba, kansa a ƙasa.

Ammu Haladu ya ɗaga gilashin wajen taga. Ya juya shi, ya duba lambar da ke jikin ƙarfen, ya shafa wata 'yar lotsawa a gefe. Sai ya juyo ya dubi Abdulmajid.

"Masha Allah! Haka yake ran da na fara ganinsa. Maigidanmu na aikin taswira ya taɓa gaya mini maganinsa rana ce, a shanya shi makonni a jere. Ni ban taɓa yarda ba. Ashe ka san shugul ɗinka, ka iya aikinka! Halas, shi ke nan, injiniya injiniya ne."

Abdulmajid ya ce, "Wallahi Baba ban..." Tsohon ya ɗaga hannu, ya ce tawali'u ya isa haka, ya sa aka kawo gahawa da dabino.

Ya dawo gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, kansa kuwa a ɗaure. Ya tarar da Inna a falo tana ɗaga matasan kujeru ɗaya bayan ɗaya.

"Kai Abdu, ina gilashin nan mai nauyi? Tun tafiyarka yake wuni a saman bene, da shi nake kunna gawayin turare a rana. Jiya na goge na mayar, yau an ɗauke mini."