Injin Jirgin Asibiti

Kwana goma sha ɗaya bayan rasuwar 'yarsa, Tsoho ya ɗauki akwatin sifanunsa ya nufi harabar asibiti. Matarsa ta ce ya bari sai ya ɗan dawo hayyacinsa. Ya sa kai ya fita. Tun ranar bai yi kuka ba, bai yi fushi ba, abinci ma in an ajiye ya ci, in ba a ajiye ba bai tambaya. Wayarsa tana aljihu a kashe.

An ɗora injin a kan katako ƙarƙashin rumfa. Shi ne injin jirgin da ke ɗauko marasa lafiya daga ƙauyukan tsallaken tafki, mai gudu ne na gaske, wanda kwamitin asibiti ya yi ta alfahari da shi. Ranar da abin ya faru, da rana tsaka, ya ɗauki zafi ya mutu a tsakiyar ruwa, ga 'yar Tsoho kwance a ciki tana naƙuda. Kafin a jawo su zuwa gaɓa, sa'a biyu ta wuce. Ita da abin da ke cikinta babu wanda ya yi rai.

Abu biyu kwamitin ke so daga gare shi. Ya zaɓa musu tsarin sanyaya sabon inji, sannan ya faɗa musu ko laifin makaniken da ya haɗa tsohon ne. Idan laifinsa ne, za su kore shi, su kuma rubuta wa ƙungiyar masu jirage kada kowa ya ƙara ba shi aiki. Shugaban kwamitin ya ba da haƙuri da aka taso shi cikin makoki, amma duk bakin tafkin babu wanda ya kai shi sanin inji. Gaskiya ya faɗa, ko maƙiyin Tsoho ya san haka.

Makaniken shi ne Dogo, yana tsaye jikin ginshiƙi, hannuwa a baya. Shekara tara ya yi a garejin Tsoho kafin ya buɗe nasa, yanzu ga mata ga 'ya'ya huɗu. Mutum ne da ko noti zai ɗaure sai ya yi shawara, har abokan sana'a na tsokanarsa cewa ranar aurensa ma sai da ya tambayi ƙafar da zai fara shiga ɗaki da ita. Kullum yana zuwa gaisuwa gidan Tsoho, ya zauna can ƙarshen tabarma, ya tashi. Tsoho bai taɓa ɗaga ido ya dube shi ba.

Tun kafin Tsoho ya buɗe murfin injin ya fara bayani, da murya irin ta mai karanta takarda. Tsari biyu ne, in ji shi. Buɗaɗɗe yana zuƙo ruwan tafki kai tsaye, ya zagaya cikin inji, ya fita. Ba shi da nauyi, jirgi ya fi gudu da shi. Amma duk abin da ke cikin ruwa, har ciyawa da taɓo, cikin injin zai bi. Rufaffe kuwa yana da nasa ruwan a kulle, kamar lagireton mota, na tafki daga waje kawai yake sanyaya shi. In rariyar da ke tace ruwan tafkin ta toshe, direba na da lokacin da zai rage gudu ya share ta. Illarsa nauyi, yana ƙara kamar minti biyar a tsallakawa.

Ya kwance tiyo, ya zura yatsa, ya zaro curin ciyawa baƙi, ya ajiye a gaban shugaban. Ya ce su sa rufaffe, da rariya biyu.

Malamar jinyar da ke cikin jirgin ranar ta kasa daurewa. Ta ce a hannunta yarinyar ta cika, kuma wanda ya sa buɗaɗɗe a tafkin da kowa ya san ciyawa na rufe shi in ruwa ya ja baya, ba ta yafe masa ba. Dogo ya sunkuyar da kai. Tsoho yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya da tsumma, yana jin maganar kamar daga wani ɗaki take fitowa.

Shugaban ya juya wajen Dogo, ya tambaye shi ko ya yi shawara da wani kafin ya haɗa. Dogo ya ce aikinsa ne, hannunsa ne ya yi. Aka maimaita tambayar, ya maimaita amsar. Shugaban ya yi tsaki, ya jawo takardar korar, ya tura wa Tsoho tare da biro.

"Baba, ka sa mana hannu a nan, cewa zaɓin kuskure ne."

"Kuskure ne," in ji Tsoho.

Ya riƙe biron bai rubuta ba. Ya so ya ji wani abu a ƙirjinsa, ko tsoro ko kunya, bai ji komai ba. Sai ya ɗaga kai ya dubi Dogo, karon farko cikin kwana goma sha ɗaya. Dogo ya girgiza masa kai a hankali.

"Maigida, don Allah ka bari."

Tsoho ya ajiye biron a kan takardar.

"Rufaffe ya so ya sa. Ya kira ni a waya yana neman shawara, na ce ya sa buɗaɗɗe, na ce kada ya yi mini gardama. 'Yata na da cikin wata shida a tsallake lokacin, ni kuwa minti biyar ɗin nan nake nema mata."