Shekara Guda a Kan Benci

Ajiye takardar ƙorafin nan tukuna, Malam Sadisu. Kafin ka kai ƙarar abokin aikinka, ka ji abin da na gani da idona lokacin da nake horar da 'yan ƙwallon kwando a wata kwaleji.

Akwai wani ɗalibi da ya shekara biyu yana kyaftin ɗinmu. Dogo ne, mai ƙwazo, shi ke fara zuwa fili, shi ke tashi a ƙarshe, kuma duk ranar wasa sunansa 'yan kallo ke kira. Ana nan sai wani ɗalibi ya sauyo makaranta ya dawo wurinmu, saboda an rufe sashen da yake karatu a inda ya baro. Bai kai kyaftin tsawo ba, ba shi da yawan magana, amma yana da gudu, kuma in ya jefa da hannun dama da wuya ƙwallo ta kuskure kwando. Cikin mako uku masu zuwa kallon atisaye suka koma kiran sunansa. Kyaftin kuwa, sai na lura ya daina miƙa masa ƙwallo, ko da kuwa yana tsaye shi kaɗai a gindin kwando. In baƙon ya ci kowa na tafi, shi kuwa sai ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

To, dokar gasarmu a lokacin ita ce, wanda ya sauya makaranta ba zai buga wa sabuwar ba sai takardar sakinsa daga tsohuwar ta iso kafin a rufe rajista. In ta makara, zai zauna shekara guda cur ba ya shiga gasa. An kafa ta ne don kada makarantu su riƙa janye 'yan wasan juna ana tsakiyar gasa. Takardar baƙon ta makara da kwana tara, domin wanda zai sa mata hannu ya yi tafiya. Ni ban duba kwanan watan ba, kwamitin gasa ma bai duba ba. Kyaftin ne ya duba, da yake shi na aika ya kai fayil ɗinmu ofis. Ya je ya rubuta wasiƙa ba suna ya aika wa kwamiti. Saura kwana biyu wasan farko hukunci ya sauko, kuma babu abin cewa, doka ce. Baƙon ya karanta, ya ninke rigarsa mai lamba ya miƙo mini.

Ya ce, "Koci, atisaye fa? Shi ma an hana?"

Na ce ba a hana ba.

Kyaftin ya samu filinsa shi kaɗai, aka koma kiran sunansa, ko da yake a zagaye na biyu aka fitar da mu. Abin da bai sani ba shi ne baƙon nan yana da rauni babba: da hannu ɗaya kawai ya iya wasa. In ka tare masa dama, ka gama da shi. Da ya shiga gasar, wasa biyu ya isa kowane koci ya gano haka, kuma mai buga gasa ba ya samun lokacin gyara, da abin da ke hannunsa yake fita. Shi kuwa yanzu lokaci ya yi masa yawa. Kullum da safe zai ɗaure hannun damansa a baya da tsohon ƙyalle, ya yi ta buga ƙwallo da hagu, tana kuɓucewa yana binta, masu wucewa aji suna dariya. Ranar wasa kuma yana gefena a kan benci da kayan gida, yana kallon abin da wanda ke cikin fili ba ya gani: wane ne ke gajiya da wuri, wane ne ke kallon ƙasa kafin ya miƙa ƙwallo. Wani tsohon targaɗe da ya daɗe yana ɓoyewa a idon sawunsa ma ya samu hutu ya warke.

Da shekara ta zagayo ya sa rigarsa, aka rasa ta inda za a tare shi. A toshe dama ya bi ta hagu, a taru a kansa ya miƙa wa wanda aka bari. Muka ɗauki kofi, masu zaɓen 'yan wasan ƙasa suka rubuta sunansa. Kyaftin kuwa rabin wasannin a benci ya yi su, domin har lokacin ya ƙi miƙa ƙwallo, ni kuma na gaji da roƙo. Ranar da zai bar makaranta ya same ni a ofis ya ce shi ya rubuta wasiƙar. Na ce na daɗe da gane rubutunsa, tun ranar da kwamiti ya nuna mini ita. Na zaci gafara ya zo nema, sai na ji ya ce, "Abin da ke cin raina, Koci, da na ƙyale shi ya buga bara, da tuni an gama da shi." Har ya fita bai ambaci sunan abokin wasan nasa ba.

Ga takardarka nan, Malam Sadisu. Mai yiwuwa duk abin da ka rubuta gaskiya ne, kamar yadda kwana taran nan gaskiya ne. Amma ka tambayi zuciyarka abin da ya sa ka bi ka tono shi, domin Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce.