Faifan da Yaya Ya Zare

Yaya na bin ƙaninsa bashi, ba na kuɗi ba. Shi ya kawo shi kamfanin, shi ya koya masa har riƙon sukundireba. Yau ga yaro ya zo da wata manhaja, wai ita za ta haɗa ƙananan injuna su zama rumbun ajiyar bayanai guda. Manaja ya ba shi tsofaffin hotuna ya gwada, sai "Injiniya, Injiniya" yake ce masa. Yaya kuwa, mai kula da ƙaton akwatin ajiyar bayanai na da, ko sannu.

Abin ya tsaya masa a wuya. Ranar da manya suka zo dubawa, ya sulale ɗakin injuna, ya zare faifan ajiya ɗaya daga injunan ƙanin, ya cusa a aljihu. Ya dawo yana jiran ihu.

Allon kwamfuta ya yi ja, can ya koma kore. Manhajar ta cike gurbin daga sauran injunan, ko hoto ɗaya bai ɓata ba.

Manaja ya miƙe. "Wa ya taɓa?"

Ƙanin ya kalli kumburarren aljihun, sai ya rungume mai shi. "Yayana ne, ranka ya daɗe! Tun yaushe nake roƙo ku bar ni in zare faifai a gabanku, kuka ce kasada ce? Shi ya yi ta maza."

Aka tafa. Nan take aka ƙara wa manhajar aiki, aka rage wa akwatin.

Ƙanin ya raɗa masa, "Yaya, na biya, ko da saura?"