Ruwan Bangon Illo

"Kai komai sai ka auna, har ikon Allah!" in ji Illo, yana nuna ƙanensa Nura da carbi.

Kwana tara ke nan bangon ɗakin da Illo ke salla yana tsattsafo da ruwa, ga shi ba damina ba. Illo ya ce zuciyarsa ta ba shi karamar waliyyan tabkin garinmu ce. Mata sai zuwa suke da 'yan kwalabe, suna ɗiba suna shafawa. Ni Dije maƙwabciyarsu, kallo ya kawo ni.

"Yaya, zuciya ba ta da hanci," in ji Nura, da yake malamin lakkwal ne, wato makarantar boko. "Shinshina ka ji!"

Ya ɗauko metir ya auna bangon, ya zagaya gidana yana ƙirga taku, ina biye. Bai tsaya ba sai bakin shaddata, wato masai. Ashe ramin ne ya tsage, ruwan yana bi ta ƙarƙashin katanga.

Ya dawo yana toshe hanci. "Ga waliyyinku can, shaddar Iya Dije! Tir! Duk wanda ya shafa, ya je ya yi wanka."

Sai Sadiya matar Nura ta fashe da kuka.

"Ke ma kin shafa?" in ji Nura.

"A'a, Malam. Na ga imaninka ya yi rauni ne, shi ya sa kullum nake zuba maka cokali biyu a koko."

Nura ya dafe ciki, ya fice, ya bugo ƙofa har kwanon rufi ya amsa.